Waiwaye: Zaɓen fid da gwani da ƙuri'ar mutanen Bauchi

A daren 28 ga Mayu, 2022, masu kallon talabijin a Wunti da Yalwa sun ga Aminu Waziri Tambuwal ya koma kan mumbari a Abuja, wurin zaɓen fid da ɗan takarar shugaban ƙasa na PDP, ya ce ya janye, magoya bayansa su zaɓi Atiku Abubakar. Da aka ƙidaya, Atiku ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike 237, gwamnanmu Bala Mohammed kuma 20. Daliget ɗin da suka yanke wannan hukunci ba su kai 800 ba, domin dokar zaɓe ta 2022 ta bar zaɓaɓɓun daliget kaɗai a fili. Amma ɓacin ran da aka kwasa a daren ya bi PDP har rumfunan zaɓe bayan wata tara.

Tambayar da ake yi a duk majalisa ita ce: idan manya suka yi baram-baram wurin fid da ɗan takarar shugaban ƙasa, talaka yakan bi su da fushin ne, ko yakan yi gaban kansa? Bauchi tana da amsa, kuma ba ta yi daidai da abin da 'yan siyasa ke tsoratar da juna da shi ba.

A 1978, da NPN ta zauna a Legas, Shehu Shagari ne ya zo kan gaba, Maitama Sule da Adamu Ciroma suna biye. Ba a kai ga zagaye na biyu ba aka bar wa Shagari. Waɗanda suka sha kaye sun zauna a gida ɗaya, tsohuwar Jihar Bauchi, wadda Gombe ke cikinta har 1996, ta bi NPN daga sama har ƙasa, Tatari Ali ya zama gwamna. Haka aka sake gani a zaɓen fid da gwanin APC na Disambar 2014 a filin wasa na Teslim Balogun: Buhari 3,430, Kwankwaso 974, Atiku 954. An fafata sosai, an kashe kuɗi, amma ƙidayar a bainar jama'a aka yi ta, kuma ba wanda ya fice. Sakamakon 2015 kowa ya san shi.

Wanda ya bar tabo shi ne na Janairun 2011. Bayan rasuwar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Mayun 2010, rigimar karɓa-karɓa ta tashi a PDP. Dattawan Arewa ƙarƙashin Adamu Ciroma suka tsayar da Atiku a matsayin ɗan takarar sasanci, aka bar Ibrahim Babangida da Aliyu Gusau da Bukola Saraki a gefe. A dandalin Eagle Square, Goodluck Jonathan ya samu 2,736, Atiku 805. Abin da ya yi wa mutane ciwo a nan shi ne yadda gwamnonin Arewa da dama suka kai daliget ɗinsu ga Jonathan, alhali jama'arsu na ganin wa'adin Arewa bai cika ba. A watan Afrilu, Buhari na CPC ya kwashi sama da ƙuri'a miliyan 1.3 a Bauchi, Jonathan bai kai dubu 300 ba, a jihar da gwamnan PDP ke mulki. Ba zan ce zaɓen fid da gwani ne kaɗai ya jawo haka ba, don Bauchi ta zaɓi Buhari tun 2003. Amma ya rufe bakin ɗan PDP na unguwa. Ya rasa abin da zai faɗa wa maƙwabcinsa. Abin da ya biyo bayan sanar da sakamako kuwa baƙin tarihi ne, har da kisan matasa masu yi wa ƙasa hidima a jiharmu, kuma ba fushin siyasar da zai wanke wannan. Bayan kwanaki kaɗan, waɗannan masu zaɓen suka mayar da Isa Yuguda na PDP kan kujerarsa, a Gombe kuma Ibrahim Hassan Dankwambo na PDP ya ci.

Wannan shi ne abin da ake kira wake da shinkafa, kuma mutumin Bauchi ya ƙware a kai. Yakan ware hukuncin sama daban, na jiha daban.

Mu koma 2023. Wike bai bar PDP ba, ya zauna a ciki ya haɗa gwamnoni biyar: shi da Seyi Makinde da Samuel Ortom da Okezie Ikpeazu da Ifeanyi Ugwuanyi. Hujjarsu ita ce bai dace ɗan takara da shugaban jam'iyya, Iyorchia Ayu, duk su fito daga Arewa ba, ga kuma takaicin ɗaukar Ifeanyi Okowa a matsayin mataimaki. Atiku bai ci ko ɗaya daga jihohin nan biyar ba. Kafin wannan ma, Kwankwaso ya tafi NNPP a watan Maris na 2022, Peter Obi ya fice kwanaki kaɗan kafin a taru a Abuja. INEC ta ba Tinubu kusan miliyan 8.8, Atiku kusan miliyan 7, Obi miliyan 6.1, Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Mutum uku da suke inuwar lema ɗaya a farkon 2022 sun tara fiye da miliyan 14. Ba na cikin masu cewa da sun haɗe duk wannan ƙuri'a za ta tafi wuri guda; matashin da ya fito don Obi ba lallai ya fito don Atiku ba. Amma tazarar miliyan 1.8 ba ta fi ƙarfin gyara ba.

To a Bauchi fa? Bala Mohammed yana cikin waɗanda aka kayar a daren, bayan dattawan Arewa ƙarƙashin Farfesa Ango Abdullahi sun ambace shi tare da Saraki a matsayin 'yan takarar sasanci. Ya dawo gida ya karɓi tikitin gwamna, kuma an yi ta jin tsamin dangantaka tsakaninsa da ɓangaren Atiku. Duk da haka Atiku ya ci Bauchi da sama da ƙuri'a dubu 420, Tinubu yana da kimanin dubu 316. A Gombe Atiku ya ninka Tinubu, sannan bayan mako uku mutanen suka sake zaɓen Inuwa Yahaya na APC. A nan ɓacin ran daliget bai yi tasiri ba. Abin da ya yi aiki shi ne Buhari ba ya kan takardar zaɓe, Atiku ɗan shiyyar Arewa maso Gabas ne, ga wahalar canjin kuɗi da ta sa mutane kwana a layin banki. A yankin Bogoro da Tafawa Ɓalewa kuma akwai batun tikitin Musulmi da Musulmi, wanda ya sa Yakubu Dogara ya juya wa APC baya ya mara wa Atiku.

Inda rikicin fid da gwani ya taɓa kayar da jam'iyya a Bauchi warwas, a zaɓen gwamna ne, kuma daga nan ake gane yadda abin ke aiki. A 2007 PDP ta ba Nadada Umar tikiti, Isa Yuguda ya koma ANPP, jama'a suka ɗauki lamarin a matsayin ɗauki-ɗora. Yuguda ya ci, Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu kuma ya rasa kujerar sanatan Bauchi ta Kudu a hannun Bala Mohammed. A 2019 ma, waɗanda suka nemi tikitin APC tare da Gwamna Mohammed Abdullahi Abubakar sun ce ba a yi musu adalci ba. Farfesa Muhammad Ali Pate ya tsaya a PRP, wasu suka yi zagon ƙasa daga ciki. Buhari ya samu kusan ƙuri'a dubu 800 a jihar a watan Fabrairu, gwamnan jam'iyyarsa ya faɗi a Maris da tazarar da ba ta kai dubu 15 ba.

A fahimtata, zafin fafatawa ba ya korar mai zaɓe. Yana juyawa ne idan ya ji an yi zalunci da zai iya bayyanawa a teburin mai shayi cikin jimla ɗaya, kuma ya ga ƙofar da zai bi, wato wanda aka zalunta ya tsaya a wata jam'iyya ko ya nuna wa mutanensa inda za su dangwala. Sai abin da ba a cika lissafawa ba: shugaban mazaɓa, shugabar mata, da ejan da zai tsaya a rumfa har a sa hannu a takardar sakamako. Waɗannan mutanen ɗan takara ne kafin su zama 'yan jam'iyya. Idan ubangidansu ya faɗi aka rarrashe shi, sukan fito. Idan aka watsar da shi, ba sa cewa komai, motar da za ta ɗauko tsofaffi daga ƙauye ce kawai ba za ta zo ba ranar zaɓe.