Waiwaye: Riƙon 'Ya'ya Bayan Mutuwar Aure a Kano

A gidaje da yawa a Kano, da zarar an ba mace takardar saki, magana ta gaba ita ce: "Ki bar min 'ya'yana." Idan akwai na goye, a bar mata shi har yaye, sannan a aiko a ɗauka, a kai wa kakarsa ta wajen uba ko a miƙa wa kishiya. Mutane da dama sun tashi suna ɗaukar wannan a matsayin hukuncin addini, alhali al'ada ce, kuma littattafan da alƙalan garin nan suke hukunci da su sun faɗi akasin haka.

Fiƙihun Malikiyya ya daɗe a Kano. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda Shehu Magili ya zauna a wurinsa, ake karanta shi, jihadin da ya iso Kano a 1807 kuma ya ƙara kafa shi. A Risala da Muhtasar, manyan littattafan wannan fiƙihu, hadana, wato riƙo da reno, haƙƙin uwa ne: ɗa namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta. Uba yana can baya a layi. Abin da ke kansa shi ne ci da sha da sutura da wurin kwana. Yana da ikon ganin ɗansa, ya yi masa tarbiyya, ya sa shi makaranta, amma yaro wurin mai riƙonsa zai kwana.

Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su taɓa wannan ɓangare ba, sun bar wa alƙalai. Ko a 1960 da aka fitar da manyan laifuffuka zuwa dokar Final Kod, aure da saki da gado da riƙon yara sun ci gaba da zama ƙarƙashin shari'a. Saboda haka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 bai kawo sabon hukunci kan hadana ba. Dama yana nan. Masu auren rajista kuwa, kamar wasu mazauna Sabon Gari, babbar kotu suke zuwa ƙarƙashin dokar aure da saki ta tarayya ta 1970.

To me ya sa al'ada ta fi littafi ƙarfi? A ganina, abinci ne. Bazawarar da ta koma ɗakin mahaifiyarta da yara huɗu, tsohon miji kuma ya ce ba zai ba da ko sisi ba sai yaran suna gidansa, da kanta za ta mayar da su. Kotu takan yanka kuɗin ciyarwa na wata-wata, amma karɓarsu wata sabuwar shari'a ce, tsadar kaya kuma takan cinye adadin cikin ɗan lokaci. Ga matsin sake aure, ga gorin agola a gidan sabon miji. Ga kuma kunya: iyaye da yawa ba sa son a ce 'yarsu ta yi ƙarar uban 'ya'yanta.

Hukumar Hisba, wadda aka kafa da doka a 2003, ta zama wurin da irin waɗannan koke-koke suka fi zuwa, domin sulhu ya fi kotu sauƙi da rufin asiri. A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya fito da batun rubutacciyar dokar iyali, aka sha muhawara, sai dai hayaniyar da aka yi kan batun hana marasa hali ƙarin aure ta danne sauran batutuwan, har aka sauke shi a watan Maris na 2020 daftarin bai zama doka ba. Dokar kare yara ta jiha kuwa sai a 2023 aka sa mata hannu, shekara 20 bayan ta tarayya.

Ziyara ce har yanzu aka fi bari a hannun zuciya. Akan ce "ba wanda zai hana ki ganin 'ya'yanki", ba tare da an sa rana ko wuri ba. Uwar da yaranta ke gidan tsohon miji ba za ta iya shiga ba sai da fuskar matar gida, don haka wasu sukan tsaya a bakin makarantar Islamiyya lokacin tashi, ko su jira hutu da bikin Sallah a aiko musu da yaran na kwana biyu.