Maganin farfaɗiya da kitsen jini: tambayoyi da amsoshi

Da gaske ne maganin farfaɗiya yana ƙara kitse a jini?

Wasu daga cikinsu suna ƙarawa. Waɗanda aka fi sani da haka su ne tsofaffin magunguna irin su carbamazepine, phenytoin da phenobarbital. Aikinsu a ƙwaƙwalwa yake, amma suna zuga hanta ta yi ta sarrafa sinadarai fiye da yadda ta saba, har da wanda take haɗa kwalastarol da shi, wato wani nau'in kitsen jini. Sai kwalastarol ya hau, musamman mugun nan LDL mai taruwa a bangon jijiyoyin jini kamar tsatsa a cikin bututun ruwa. Mutum ba ya jin komai a jikinsa. Gwajin jini ne kaɗai ke nunawa.

Valproate fa?

Shi ma maganin farfaɗiya ne, amma nasa daban ne. Ba ya zuga hanta, amma yakan sa ƙiba, jiki kuma ya rage jin insulin, wato sinadarin da ke daidaita sukari a jini, abin da ke iya kai mutum ga ciwon sukari.

Wannan yana kai wa ga ciwon zuciya?

Akwai alamar haka. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Neurology a 2021, kan bayanan masu farfaɗiya a Birtaniya, ya gano cewa masu shan magungunan da ke zuga hanta sun fi sauran fuskantar cututtukan zuciya da jijiyoyin jini da kusan kashi 21 cikin 100. Bambancin ya fi fitowa bayan shekaru masu yawa ana sha. Saboda haka wanda ya daɗe a kansu, ga hawan jini ko shan taba, shi ya fi cancantar a sa masa ido.

To in daina sha ke nan?

A'a, don Allah kada ka yi haka. Daina maganin farfaɗiya kwatsam na iya tayar da farfaɗiyar da ba ta tsayawa, wadda ke iya kisa nan take. Kitsen jini kuwa sannu a hankali yake ɓarna, kuma akwai maganinsa. Ka nemi a gwada maka kitsen jini, ka kai wa likitanka sakamakon. Idan ya ga dacewa, zai iya sauya maka zuwa wani maganin farfaɗiya irin levetiracetam ko lamotrigine a hankali, kuma an ga kwalastarol yana sauka cikin 'yan makonni bayan irin wannan sauyi.

An rubuta mini maganin rage kwalastarol, shi ke nan?

Nan ne ake yawan tuntuɓe. Carbamazepine yana sa hanta ta narkar da simvastatin, ɗaya daga cikin magungunan rage kwalastarol, da sauri, har yawancinsa ya ɓace kafin ya yi aiki. Atorvastatin ma abin yana shafarsa. Rosuvastatin bai cika shiga wannan matsala ba. Duk likitan da zai rubuta maka magani, ka nuna masa kwalin maganin farfaɗiyar da kake sha.