Waiwaye: Yadda 'yan caca suka shiga wasan kurket, da waɗanda suka rufa musu asiri

Ranar 7 ga Afrilu, 2000, 'yan sandan birnin Delhi suka tara 'yan jarida suka ce suna da faifan muryar kyaftin ɗin ƙungiyar kurket ta Afirka ta Kudu, Hansie Cronje, yana ciniki ta waya da wani dillalin caca mai suna Sanjeev Chawla. Tun farko ma ba kurket suke bi ba. Ƙorafin wasu 'yan kasuwa da ake yi wa barazana ana tatsar kuɗinsu ne ya sa suka kasa kunne a kan wasu layukan waya, sai ga muryar baƙo tana maganar wanda zai buga wasa da yawan makin da za a ci.

A Afirka ta Kudu kusan babu wanda ya yarda. Cronje mutum ne da aka sani da riƙon addinin Kirista, kuma shi ne fuskar ƙungiyar tun bayan da ƙasar ta dawo wasannin duniya da ƙarewar mulkin wariyar launin fata. Ya musanta, shugaban hukumar kurket ta ƙasar, Ali Bacher, ya tsaya masa. Bayan kwana huɗu, da tsakar dare, Cronje ya buga wa Bacher waya ya ce bai faɗi gaskiya duka ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kurket mutum goma sha ɗaya ne a kowane ɓangare. Wani ya jefo ƙwallo, wani ya doke ta da sanda mai faɗi, ana tara maki. Duk jifa shida zagaye ɗaya ke nan. Akwai wasan da kan kai kwana biyar, wanda ake kira Test, akwai na yini ɗaya mai zagaye 50 ga kowane ɓangare, akwai kuma gajere mai zagaye 20 da ake gamawa cikin kamar awa uku. Abin da ya sa 'yan caca suke son sa shi ne a gutsuttsure yake. Kowane jifa abu ne mai zaman kansa, kowane rukunin zagaye ana iya sa kuɗi a kan makin da za a ci a cikinsa. Mu da muka saba da ƙwallon ƙafa, cogen da muka sani mai ƙaho ne, irin na Bauchi a 2013 da wata ƙungiya ta ci 79 da nema, wata ta ci 67 da nema a rana ɗaya. A kurket mutum zai sayar da minti biyar daga cikin wasan kwana biyar, ƙungiyarsa ta yi nasara, ya tafi gida ana yi masa tafi.

Caca da kurket tare suka taso. A Ingila masu hannu da shuni ne suka riƙa ɗaukar nauyin ƙungiyoyi don su sa kuɗi a kansu, kuma tun a 1817 aka hana wani fitaccen ɗan wasa, William Lambert, sake taka filin Lord's na Landan bisa zargin ya sayar da wasa. Daga baya aka kori dillalan caca daga filin, wasan ya sa rigar mutunci, har ya zama abin misali na gaskiya a bakin Turawan Ingila.

Abin ya dawo ne ta Indiya. Ƙasar ta ci kofin duniya a 1983, kurket ya zama abin da miliyoyin mutane ke kwana da shi su tashi da shi. A shekarun 1990 talabijin na tauraron ɗan'adam ya kai wasa kai tsaye cikin gidaje, wayar hannu ta biyo baya. Amma caca a kan wasanni haramun ce a dokar Indiya, wadda tushenta ke komawa ga wata dokar Turawan mulkin mallaka ta 1867, in ban da sukuwar dawaki. Haramcin bai hana caca ba, ƙarƙashin ƙasa ya tura ta, inda babu rajista, babu rasit, babu hukumar da za ta lura cewa kuɗi sun karkata wuri ɗaya ba zato. 'Yan wasa kuwa a lokacin albashinsu bai taka kara ya karya ba, ga wasannin yini ɗaya barkatai da ba kofin kirki a kansu, musamman a Sharjah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Wurin ya yi ƙaurin suna har gwamnatin Indiya ta hana ƙungiyarta zuwa can a 2001.

Dillali ba ya fara da cewa a sayar masa da wasa. Da kyauta yake farawa. A 1994 a Siri Lanka, wani ɗan Indiya da aka sani da suna John kawai ya ba 'yan wasan Ostareliya biyu kuɗi, Shane Warne dala 5,000, Mark Waugh dala 4,000, a kan su riƙa ba shi labarin yanayi da halin da fili yake ciki. Hukumar kurket ta Ostareliya ta gano a farkon 1995, ta ci su tara a asirce, ta sanar da shugabannin hukumar kurket ta duniya, ICC, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru. Sai a Disamba 1998 wani ɗan jarida, Malcolm Conn, ya tono maganar.

Muhimmancin wannan shirun yana ga abin da ke gudana a gefe. Su Warne da Waugh ɗin, tare da Tim May, su ne suka zargi kyaftin ɗin Pakistan, Salim Malik, da yi musu tayin kuɗi a 1994 don su yi sakaci a wasa. Waugh har ya ba da shaida a gaban kwamitin bincike a Lahore a 1998, alƙalin bai san cewa mai shaidar ma ya taɓa karɓa daga hannun dillali ba. Alƙalin, Mai shari'a Malik Muhammad Qayyum, ya gama rahotonsa aka ajiye shi a aljihun tebur, bai fito ba sai Mayu 2000, bayan da tonon asirin Cronje ya sa ɓoyon ya gagara. Aka haramta wa Malik wasa har abada, aka ci tarar wasu manya, cikinsu har da Wasim Akram, wanda rahoton ya ce kada a sake ba shi kyaftin. Shekaru bayan haka Qayyum da bakinsa ya amsa cewa son da yake yi wa wasan Akram ya sa ya sassauta masa.

A Yuni 2000 aka zauna a Cape Town ƙarƙashin Mai shari'a Edwin King, ana watsawa kai tsaye. A nan Cronje ya zayyana yadda ya shiga. A 1996 a Indiya, in ji shi, kyaftin ɗin Indiya Mohammad Azharuddin ya haɗa shi da wani dillali, Mukesh Gupta, wanda ya ba shi dala 30,000. Daga nan hannu ya saba. Abin da ya fi ɗaure wa masoya wasan kai shi ne labarin Centurion a Janairu 2000. Ruwan sama ya cinye kwana uku na wasansu da Ingila, kowa ya sallama cewa kunnen doki za a tashi. A rana ta ƙarshe Cronje ya kawo shawarar kowane ɓangare ya yafe zubi ɗaya daga cikin zubi biyu na bugun da yake da su a wasan Test don a samu wanda ya ci. Ingila ta ci da ƙyar, aka yi ta yaba masa cewa ya ceto wasa don 'yan kallo. Ashe wani mai harkar caca, Marlon Aronstam, ne ya nemi hakan, ladan kuwa kimanin rand dubu 50 da rigar fata.

A ganina mafi munin abin da ya yi ba wannan ba ne. A Maris na shekarar, a Nagpur, ya yi wa 'yan wasansa biyu, Herschelle Gibbs da Henry Williams, alkawarin dala 15,000 kowannensu. Sharaɗin shi ne Gibbs ya fita kafin ya kai maki 20, Williams kuma ya bari a ci fiye da 50 a jifansa. Waɗannan mutane ne da ke ƙarƙashinsa, waɗanda zamansu a ƙungiya ya rataya a kan yardarsa. Cinikin ma bai faɗa ba: Gibbs ya shiga fili bugu ya yi masa daɗi ya ci 74, Williams ya ji ciwo tun kafin ya gama zagaye na biyu. Duk da haka an dakatar da su wata shida. Cronje, wanda a takardar tubarsa ya ɗora wa Shaiɗan wani kaso na laifin, an kore shi har abada a Oktoba. Ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da garin George ranar 1 ga Yuni, 2002, yana da shekara 32.

A Indiya hukumar binciken manyan laifuka ta CBI ta fitar da rahoto a ƙarshen 2000, aka haramta wa Azharuddin wasa har abada, Ajay Jadeja da Manoj Prabhakar shekara biyar-biyar. Azharuddin ya zama ɗan majalisar tarayya a 2009, kotu ta soke haramcin a 2012. Ita ma ICC ta kafa sashen yaƙi da cin hanci ƙarƙashin tsohon shugaban 'yan sandan Landan, Paul Condon. Aka fara karɓe wayoyin 'yan wasa kafin su shiga ɗakin sauya kaya, aka hana baƙi kusantar wurin.

Sayen wasa sukutum ya yi wuya, sai dillalai suka koma sayen gutsure. A Agusta 2010, gabanin wani wasa a filin Lord's ɗin nan da aka kori Lambert, wani wakilin 'yan wasan Pakistan mai suna Mazhar Majeed ya karɓi fam 150,000 daga wani da ya zaci ɗan kasuwa ne. Ɗan jarida ne na News of the World, da kyamara a ɓoye. Don ya nuna cewa 'yan wasan a tafin hannunsa suke, Majeed ya faɗi daidai jifan da mai jifa zai ƙetare layin da doka ta hana shi ƙetarewa, da gangan: na farko a zagaye na uku daga Mohammad Amir, na shida a zagaye na goma daga Mohammad Asif. Haka kuwa aka yi. Amir, yaro ɗan shekara 18 da ake cewa an daɗe ba a ga mai jifa irinsa ba, ya zarce layin da tazarar da ta sa masu sharhi mamaki tun kafin a san dalili. ICC ta dakatar da kyaftin Salman Butt da su biyun, mafi ƙaranci shekara biyar, sannan a Nuwamba 2011 wata kotun Landan ta ɗaure Butt wata 30, Asif shekara ɗaya, Amir wata shida. Jaridar da ta kama su ba ta kai ga ganin hukuncin ba, don an rufe ta a Yulin shekarar saboda satar sauraron wayoyin mutane. Mai dokar barci ma dai ya ɓuge da gyangyaɗi.

Na 2013 ya fi kowanne nuna inda gizo ke saƙa. 'Yan sandan Delhi, su ɗin dai, suka kama 'yan wasan Rajasthan Royals uku a gasar IPL ta ƙungiyoyin Indiya, wadda ta fi kowace gasar kurket kuɗi. Cikinsu akwai Sreesanth, ɗan ƙungiyar ƙasa, wanda aka ce tawul da ya soke a ƙugu shi ne alamarsa ga dillalai. Bincike ya haura sama har ya taɓa Gurunath Meiyappan, jami'i a Chennai Super Kings kuma surukin shugaban hukumar kurket ta Indiya, N. Srinivasan, wanda kamfaninsa na siminti ne ya mallaki ƙungiyar. Hukumar ta kafa kwamitinta, kwamitin ya wanke kowa. Babbar kotun Bombay ta ce kwamitin ma ba bisa ƙa'ida aka kafa shi ba. Sai da Kotun Ƙoli ta sa hannu kafin a 2015 aka dakatar da Chennai da Rajasthan shekara biyu, aka kori Meiyappan da Raj Kundra, ɗaya daga cikin masu Rajasthan, daga harkar kurket har abada saboda caca. Ana tsakiyar wannan dambarwa, a 2014, aka naɗa Srinivasan shugaban ICC.

Sai dai a faɗi gaskiya, a shekarun baya-bayan nan sashen na ICC ya yi aiki. Ya dakatar da Shakib Al Hasan, tauraron Bangaladash, a 2019 don kawai dillali ya tuntuɓe shi bai kai rahoto ba. Ya dakatar da tsohon kyaftin kuma kocin Zimbabuwe, Heath Streak, shekara takwas a 2021. Amma sashen ba ya kamu, ba ya sauraron waya, ikonsa a kan 'yan wasa da jami'ai ya tsaya. Dillalin da ke ba da kuɗin yana waje, kuma ya gane cewa manyan taurari yanzu sun ƙoshi, don haka ya koma kan ƙananan gasanni da 'yan wasan ƙasashen da albashi ke makara. Brendan Taylor na Zimbabuwe ya ba da labarin nasa da kansa: a 2019 aka gayyace shi Indiya da sunan maganar talla, aka ba shi hodar iblis ya shaƙa, kashegari aka nuna masa bidiyon, aka miƙa masa dala 15,000 a matsayin kafin alƙalami. Ya yi watanni kafin ya kai rahoto, jinkirin ya jawo masa dakatarwar shekara uku da rabi a 2022.

Afirka ta Kudu ta yi dokar cin hanci a 2004 wadda ta haɗa da wasanni, da ita aka ɗaure tsohon ɗan wasanta Gulam Bodi shekara biyar a 2019. Siri Lanka ta mai da sayar da wasa laifin ɗauri a 2019 ɗin. A Indiya, inda kuɗin yake, wata kotun Delhi ta sallami Sreesanth da abokansa a 2015, kuma a 2022 babbar kotun jihar Karnataka ta yanke cewa sayar da wasa bai shiga ma'anar zamba a kundin laifukan ƙasar ba. Shi kuwa Chawla, mai muryar da ke ɗaya ɓangaren wayar Cronje, ya yi zamansa a Landan. 'Yan sandan Delhi ba su shigar da takardar tuhuma ba sai 2013, ba a dawo da shi Indiya ba sai Fabrairu 2020, kuma bayan 'yan watanni ya samu beli.