Faccetta Nera ba taken Musolini ba ce

An daɗe ana ɗaukar waƙar Italiyanci Faccetta Nera a matsayin taken gwamnatin Musolini, ɗan kama-karyar da ya mulki Italiya. Ba haka ba ne, taken 'yan fasist, wato jam'iyyar Musolini, shi ne waƙar Giovinezza.

Renato Micheli ya rubuta baitocin Faccetta Nera a 1935, Mario Ruccione ya sa kiɗa, daidai lokacin da Italiya ke wasa wuƙar mamaye Habasha. A ciki, soja ne ke zawarcin wata budurwa baƙar fata, wai baiwa ce, zai 'yanta ta, ya kai ta Rum, ya ba ta sabuwar doka da sabon sarki. Farfaganda ce tsagwaronta, ta mai da mamaya aikin ceto, ƙasar Habasha kuma mace mai jiran mai ɗauka. Iskar gubar da jiragen Italiya suka yi ta zuba wa Habashawa kuwa, ba ta cikin waƙa.

Amma da aka ci Addis Ababa a Mayun 1936, sai waƙar ta zame wa hukuma ƙarfen ƙafa, don tana kwaɗaita wa sojoji matan Afirka. Aka yi ƙoƙarin danne ta. A 1937 aka kafa dokar ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga duk ɗan Italiyan da ya ajiye 'yar Habasha zaman daduro. Sojoji dai ba su daina rera ta ba.