Haƙƙin Bakanike na Riƙe Mota Har a Biya Shi: Abin da Doka Ta Halatta da Abin da Ta Hana

Cikin rigingimun da suka fi yawa a bakin garejin gyaran mota, daga Ngaundare zuwa Garwa, Marwa har Kuseri a arewacin Kamaru, akwai wadda ke tashi ranar da aka gama aiki, mai mota ya zo ɗaukar abinsa ba tare da cikon kuɗi ba. Bakanike yakan ce mota ba za ta fita ba sai an biya shi, mai mota kuma ya ce dukiyarsa ce, babu wanda ya isa ya hana shi ita, daga nan sai a nufi ofishin 'yan sanda ko na jandarma, kowa yana ganin shi aka zalunta. Akwai rubutacciyar doka da ta yi magana a kan wannan lamari dalla-dalla, kuma ta ba bakanike ƙarfi fiye da yadda masu motoci suke zato, amma ta sa masa iyakar da kanikawa da yawa suke tsallakewa ba da saninsu ba.

Dokar ta fito ne daga ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa da yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Port-Louis na ƙasar Mauritius ranar 17 ga Oktoba, 1993, domin daidaita dokokin kasuwanci tsakanin ƙasashen Afirka. Ƙasashe 17 ne a cikinta, har da Kamaru da Cadi da Nijar, sakatariyarta tana Yawunde, babbar kotunta kuma tana Abidjan. Dokokin da ƙungiyar ta zartar suna aiki kai tsaye a kowace ƙasa, kuma suna rinjayar duk wata dokar cikin gida da ta saɓa musu, don haka hukuncin da ya hau kan gareji a Marwa shi ne ya hau kan gareji a Njamena. Wadda ta shafe mu a nan ita ce dokar da ta tsara hanyoyin lamunin bashi, wadda aka fara zartarwa a Kwatano a 1997, aka sake mata fasali a Lome ranar 15 ga Disamba, 2010, sabon nassin ya fara aiki a 2011. Sassa huɗu ne kawai, daga na 67 zuwa na 70, suka ƙunshi haƙƙin riƙe kaya.

Sashe na 67 ya ce wanda yake bin bashi, idan wani kayan wanda yake bi yana hannunsa ta halastacciyar hanya, yana da ikon riƙe shi har sai an biya shi cikakken abin da yake bi. Sharaɗin halastacciyar hanya yana nufin cewa mai motar ne, ko wakilinsa, ya kawo ta gareji da yardarsa. Bakaniken da ya tura yaransa tasha suka janyo motar wanda yake bi bashi, ko ya yaudari direba ya karɓe makulli, ba shi da mafaka a wannan sashe ko da bashin gaskiya ne. Cikakken biya kuma yana nufin cewa idan kuɗin aiki da na kayan gyara sun kama sefa 200,000 aka biya 150,000, bakanike yana iya ci gaba da riƙe motar saboda ragowar 50,000, domin doka ba ta tilasta masa sakin ta don an biya mafi yawa ba.

Inda shari'ar kanikawa ta fi lalacewa shi ne sashe na 68, wanda ya gindaya sharuɗɗa a kan shi kansa bashin. Dole ne bashin ya zama tabbatacce, a san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi. A ɗauka wani ya kawo mota don a gyara masa birki, bakanike ya lura kuloci ma ya kusa mutuwa, sai ya saya ya sa ba tare da ya kira mai motar ba. Ko da kyakkyawar niyya ya yi hakan, kuɗin kulocin ba tabbataccen bashi ba ne, domin mai motar yana iya cewa bai sa a yi wannan aiki ba, kuma nauyin kawo hujja yana kan wanda ya ce yana bin bashi. Haka nan idan ba a yi ciniki ba tun farko, aka tsaya a kan "ka gyara kawai, ba za mu ɓata ba", sannan ranar ɗauka bakanike ya ce 120,000 mai mota ya ce 70,000, to adadin bai tsaya ba, riƙon da aka gina a kansa kuma yana da rauni a gaban alƙali. Sharaɗin lokacin biya shi ne wanda ya fi kama masu kunya da kara: idan bakanike da bakinsa ya yarda a biya shi ƙarshen wata, ko bayan an sayar da auduga, to ba shi da ikon riƙe motar kafin wannan wa'adi ya cika, domin shi ya ɗaga wa kansa ranar biya. A ganina wannan tsari adalci ne, saboda hana mutum motar da yake neman abinci da ita babban al'amari ne, bai kamata a yi shi a kan kuɗin da har yanzu ake jayayya a kansa ba.

Sashen ya kuma ce riƙo ba ya yiwuwa idan an riga an ɗora wa kayan takunkumin kotu saboda wani bashi kafin su shigo hannun mai riƙon.

Sauran sharaɗin shi ne a samu alaƙa tsakanin bashin da zaman kayan a hannun mai riƙo, kuma sashe na 69 ya faɗi halaye uku da ake ɗaukar wannan alaƙa ta tabbata: idan an miƙa kayan ne da sharaɗin su zauna har a biya bashin, ko bashin ya fito ne daga yarjejeniyar da ta wajabta wa mai riƙon mayar da kayan, ko kuma bashin ya samu ne a dalilin zaman kayan a hannunsa. Gyaran yau da kuɗin yau ba su da matsala, sun shiga hali na biyu kai tsaye. Matsalar tana ga tsohon bashi. Sau da yawa mai motar haya yakan bar bashin gyaran inji na watannin baya, sannan ya dawo da motar don a canza masa baƙin mai, ya biya kuɗin wannan ƙaramin aiki nan take, sai bakanike ya ga dama ta samu ya kulle motar a kan tsohon bashin. A ƙarƙashin nassin 1997 yana da abin kafa hujja, domin wancan nassi ya ɗauki alaƙa ta tabbata idan riƙon da bashin sun samo asali ne daga huldar kasuwanci da ke tsakanin mutanen biyu. Nassin 2010 ya cire wannan magana, ya maye gurbinta da halaye ukun da aka ambata. Saboda haka wanda yake son motar da ta dawo ta tsaya a kan tsohon bashi, abin da zai kare shi shi ne su amince da hakan a fili lokacin da aka kawo ta, a rubuta, domin ya shiga hali na farko.

Wannan yana da nasaba da wata ƙa'ida da ya kamata kowane mai gareji ya haddace, wato haƙƙin riƙo yana rayuwa ne muddin kayan suna hannu. Ranar da bakanike ya miƙa makulli da son ransa, ko don roƙon wani dattijo ne, ko don mai motar ya rantse zai kawo kuɗin da yamma, riƙon ya ƙare. Bashin yana nan, ana iya neman sa a kotu, amma ba shi da ikon bin motar ya ƙwato ta a hanya.

Akwai kuma tambayar wane ne mai motar. Nassin ya yi magana ne a kan kayan wanda ake bi bashi, alhali a kan babbar hanyar da ta taso daga Ngaundare, inda layin dogo ya ƙare ake ɗora kayan Cadi a manyan motoci, galibi direba ne ke kawo mota gareji, maigidansa yana Duwala ko Njamena. Idan direban ya sa aikin ne a madadin maigidansa kuma da izininsa, bashin na maigidan ne, riƙon kuma ya zauna daram. Idan kuwa maigidan ya zo ya ce bai san da aikin ba, ko ya ce ya riga ya ba direba kuɗin, to bakanike ya shiga tsaka mai wuya. Duba sunan da ke kan takardar mallakar mota, da kiran mai sunan a waya kafin a kwance inji, da neman ya aiko da amincewarsa ko da ta saƙon WhatsApp ne, abu ne na 'yan mintuna da ke hana doguwar shari'a.

Sashe na 70 shi ne ya juyo kan bakanike. Ya wajabta wa mai riƙo ya kula da kayan su zauna cikin kyakkyawan hali, wato motar amana ce a hannunsa, ba ta zama tasa ba ko da bashin ya fi ƙimarta. Ba ya halatta ya hau ta zuwa biki, ko ya ba yaron gareji ya yi haya da ita da sunan rage bashi, ko ya cire batir da tayoyi ya sa wa wata motar, ko ya bar ta a buɗe ruwan damina ya lalata kujeru da wayoyin wuta. Duk ɓarnar da ta same ta saboda sakacinsa, mai motar yana iya neman diyya, kuma diyyar tana iya cinye bashin gaba ɗaya. Sayar da motar ko sassanta a ɓoye ya fi haka muni, domin ya fita daga rigimar bashi ya shiga cin amana, wanda sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru, na ranar 12 ga Yuli, 2016, ya tanadar wa ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa 1,000,000. Abin takaici ne ƙwarai a ga mutumin da ya yi aikinsa da gumi, wanda gaskiya take tare da shi tun farko, ya ƙare a gidan yari saboda ya gaji da jira ya yanke wa kansa hukunci.

To, yaya za a yi da motocin da masu su suka yi watsi da su, suka cike filin gareji shekara da shekaru? Sashe na 70 ya buɗe ƙofa ɗaya: mai riƙo yana iya neman izinin kotu cikin gaggawa a sayar da kayan idan halin da suke ciki ya sa dole a yi hakan, ko suna cikin masu saurin lalacewa, ko kuma kuɗin ajiye su ya wuce kima idan aka gwada da darajarsu. Ko a nan ma kuɗin cinikin ba ya shiga aljihun bakanike kai tsaye, ana ajiye shi ne a inda doka ta tanada, riƙon ya koma kan kuɗin har a warware lissafi. Nassin 1997 ya ba mai riƙo damar bin hanyar da mai jingina yake bi don a sayar da kayan a biya shi, amma gyaran 2010 ya janye wannan dama, ya bar riƙo a matsayin hanyar matsa wa mai bashi lamba kawai.

Wanda yake son kuɗinsa su fito, hanyarsa ita ce wata dokar OHADA ta daban, wadda ta tsara karɓar bashi a sauƙaƙe, da aka zartar a Libreville a 1998 aka sabunta a Kinshasa a 2023. Mai bin bashi yana kai takardar koke ga shugaban kotu tare da hujjojinsa, idan alƙali ya gamsu sai ya ba da umarnin biya ba tare da an fara zaman shari'a ba. Jami'in da ke isar da takardun kotu, wanda ake kira huissier, shi zai kai wa wanda ake bi umarnin, shi kuma yana da 'yan kwanaki ƙayyadaddu ya nuna rashin amincewarsa. Idan bai yi ba, umarnin ya zama abin zartarwa, ana iya kama dukiyarsa, har da motar, a yi gwanjonta a bainar jama'a. A Kamaru ƙarar da kuɗinta bai wuce sefa miliyan 10 ba tana zuwa kotun matakin farko ne, kuma kusan duk bashin ƙaramin gareji a nan yake faɗawa. Wannan doka dai ta ba mai mota irin wannan gajeriyar hanya ta neman umarnin a mayar masa da kayansa, idan yana ganin an riƙe su ba bisa ƙa'ida ba, kuma ita ce ta fi dacewa da shi fiye da kai ƙara wurin jandarma, tunda jayayya a kan kuɗin gyara magana ce ta alƙali. Sulhu a gaban shugabannin sana'a ko mai unguwa yana da kyau kuma ya fi araha, sai dai a rubuta abin da aka cimma, kowa ya sa hannu.

Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana tsayawa ne a kan hujja, kuma hujjar da ƙaramin gareji yake buƙata ba ta wuce littafi ɗaya mai kwafi ba. Ranar da mota ta shigo a rubuta kwanan wata, lambar motar, sunan mai ita da na wanda ya kawo ta, aikin da aka ce a yi, kuɗin aiki daban da kuɗin kayan gyara, abin da aka bayar kafin alƙalami, da ranar biyan ragowar. A ƙara layi ɗaya da ke cewa motar za ta zauna a gareji har a gama biya, idan kuma ana son cajin kuɗin ajiya bayan an gama aiki, a faɗi adadinsa na kowace rana tun a lokacin, domin sassan nan huɗu ba su yanka wani kuɗin ajiya ba. Idan aka buɗe inji aka ga wata matsala sabuwa, a dakata a sanar da mai motar, a ƙara sabon kuɗin a ƙasan takardar bayan ya amince. Yana da kyau a lissafa abin da aka tarar a cikin motar, kamar safaya da jak da rediyo, sannan mutanen biyu su sa hannu ko su dangwala yatsa, kowa ya riƙe kwafinsa.