A binne ko a mora? Waiwaye kan dokokin ragowar masana'antu

Duk masana'antar da ka gani abu biyu take fitarwa, akwai wanda take kaiwa kasuwa akwai kuma wanda yake rage mata a hannu, wani lokacin ma ragowar ta fi kayan yawa. Kamfanin takin zamani in zai haɗa tan 1 na asid ɗin fosfet sai ya tara kusan tan 5 na wani gari mai kama da alli da ake ce wa jifsom. Masu tace alminiyum su kuma jan taɓo ne nasu, mai cin fata in ya taɓa mutum. Ga tokar tashoshin lantarki masu ƙona kwal, ga kashin ƙarfe da yake tasowa saman tukunya in ana narka tama. To duk wannan tulin ina za a kai shi? Shekara da shekaru amsar dai ɗaya ce, a haƙa rami ko a yi kududdufi a zuba a juya baya. Masu cewa wannan asara ce suna da gaskiya, ni ma ina tare da su, amma duk wanda ya bi tarihin abin zai ga an sha cutar da mutane da sunan ana rage shara.

Morar ragowa dai ta girmi dokokinta nesa ba kusa ba. Tun 1862 wani Bajamushe Emil Langen ya gano cewa in aka kwara wa narkakken kashin ƙarfe ruwa ya huce da sauri, aka niƙe shi aka haɗa da farar ƙasa, yana kamawa ya yi tauri kamar siminti. Kafin ƙarnin ya ƙare har an fara sayar da simintin da aka gauraya da shi a Jamus. Toka ita ma ta samu shiga, sabida ƙwayoyinta ƙanana ne masu santsi, suna cike ƙofofin kankare kuma suna rage zafin da yake yi in yana bushewa, abin da yake sa manyan gine-gine tsagewa kenan. Dam ɗin Hungry Horse da ke jihar Montana a Amurka, wanda aka gama a 1953, tokar kwal sama da tan 100,000 ya ci, kuma yana nan tsaye har yau. Babu wata dokar muhalli da ta sa su, araha da inganci ne kawai suka ja su.

To amma a daidai wannan lokacin ne kuma aka yi wata ɓarnar da har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. A garin Grand Junction na jihar Colorado akwai matatar yuraniyom, bayan an tsame abin da ake so sai a bar tsibin yashi mai laushi, tsaf da shi babu ko tsakuwa. Aka ce wa magina kowa ya zo ya ɗiba kyauta. Suka yi ta kwasa a motoci suna ciko da shi ƙarƙashin daɓen gidaje, suna kwaɓa shi a siminti, har makarantu da wuraren ibada. Yashin nan kuwa yana ɗauke da radiyom, yana fitar da iskar radon wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana taruwa a ɗaki mutum yana shaƙa yana barci, kuma tana jawo kansar huhu. Sai a tsakiyar shekarun 1960 aka farga aka hana ɗiba, daga baya aka bi wurare sama da 4,000 ana fasa daɓe ana tone yashin. A garin Times Beach na Missouri kuma baƙin mai ne aka dinga fesawa a tituna wai don ya kwantar da ƙura, ashe an gauraya shi da ragowar wani kamfanin sinadarai mai gubar dayoksin. A 1983 gwamnati ta saye garin ɗungurungum aka kwashe mutane. Duka biyun nan fa in ka tambayi masu yi a lokacin za su ce maka amfani suke yi da abin da za a zubar.

Irin waɗannan ne suka sa hukumomi suka fara kallon ragowa da ido biyu. Amurka ta yi babbar dokar shara a 1976, wadda ta ce a bi sawun shara mai haɗari tun daga inda aka samar da ita har inda aka binne ta. Sai dai ba a je ko'ina ba, a 1980 majalisa ta yi gyaran da ake kira da sunan ɗan majalisa Tom Bevill, ta cire tokar kwal da ragowar ma'adinai da ƙurar siminti daga jerin masu haɗari har sai an yi bincike. Hujjar kamfanoni ita ce in ka liƙa wa toka tambarin guba babu maginin da zai yarda ya sa ta a kankare, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma abin da ya biyo baya shi ne aka bar kowace jiha ta yi yadda ta ga dama, aka ci gaba da zuba toka a kududdufai marasa shimfiɗar roba ko yumɓu, asenik da sauran ƙarafa masu guba suna tsiyaya cikin ruwan ƙasa a hankali.

Turai ta wata hanya ta bi. Na farko ta sa binnewa ta yi tsada. Birtaniya ta ƙaƙaba harajin juji a 1996, fam 7 kan kowane tan, yanzu ya haura fam 100, kuma da kamfani ya ga rami na cin kuɗi to da kansa zai fita neman mai so. Na biyu kuma, wanda ya fi ɗaure kai, shi ne yaushe abu yake shara yaushe kuma yake kayan sayarwa, sabida in doka ta ce shara ne to ɗaukarsa da ajiye shi da sayar da shi duk sai da lasisi. A 2002 kotun Tarayyar Turai ta duba shari'ar kamfanin fasa dutse na Palin Granit a Finland, wanda ya tara ragowar duwatsu yana cewa ai wata rana za a yi amfani da su. Kotu ta ce wata rana ba hujja ba ce, tunda babu tabbacin mai ɗauka to shara ne. Daga irin wannan hukunci aka tsamo sharuɗɗan da suka shiga dokar shara ta Tarayyar Turai ta 2008, waɗanda sai ragowa ta cika su kafin a ɗauke ta a matsayin kayan sayarwa: dole a tabbata za a yi amfani da abin, ya kasance zai amfanu ba sai an yi masa wani aiki na daban da wanda aka saba ba, ya zama cikin aikin masana'antar ya fito, sannan amfanin ya halatta kuma kar ya cutar da lafiya ko muhalli. Sharaɗin farkon nan ina ganin shi ne ya fi toshe ƙofa, dan babbar dabarar mai son kauce wa kuɗin juji ita ce ya tara tsibi ya ce haja ce yake jiran ciniki.

Wannan dabarar har teku ta tsallaka. Jirgin ruwan Khian Sea ya baro Philadelphia a 1986 da tokar shara kusan tan 14,000, ya yi ta yawo ana korarsa, daga ƙarshe ya sauke kusan tan 4,000 a gaɓar Gonaives a Haiti da sunan wai takin gona ne. Yana cikin abubuwan da suka zaburar da yarjejeniyar Basel ta 1989 kan safarar shara mai haɗari tsakanin ƙasashe.

Amurka kam sai da bango ya tsage. Ranar 22 ga Disamba 2008 cikin dare, katangar kududdufin toka ta tashar lantarki ta Kingston a jihar Tennessee ta ɓalle, taɓon toka sama da kyubik mita miliyan 4 ya malala ya rufe kusan eka 300, ya ture gidaje ya cike bakin kogi. Gyaran ya ci sama da dala biliyan 1. Ma'aikatan da suka yi aikin kwashewa da yawansu suka kamu da cututtuka har suka kai ƙara kotu. Tokar kuma aka loda miliyoyin tan a jirgin ƙasa aka kai wani juji kusa da Uniontown a Alabama, yankin talakawa mafi yawansu baƙar fata. Duk mai tunanin binnewa ita ce zaman lafiya ya duba wannan, ramin ma ai a maƙwabtan wasu yake, kuma kusan kullum waɗanda ba su da baki ne. Ba a cika shekara 2 ba, a Oktoba 2010, dam ɗin jan taɓo ya fashe a Ajka ta Hungary ya kashe mutum 10.

Dokar toka ta Amurka sai a 2015 ta fito, ihu bayan hari, amma akwai abu ɗaya da ta kama daidai. Ta bambanta tokar da aka ɗaure da wadda aka watsa. In toka ta shiga kankare ko bulo, ko jifsom ɗin da ake samu wajen wanke hayaƙin tasha ya shiga allon bango da silin, to gubar a kulle take, ruwa ba ya samun hanyar wanke ta sosai, kuma binciken hukumar kare muhalli ta EPA na 2014 ya nuna abin da ke fita daga irin wannan kankaren bai wuce na kankaren gama-gari ba ko bai kai matakin damuwa ba. Amma in tokar sako-sako aka zuba a matsayin ciko a kwari ko fili, ruwan sama na ratsa ta yana gangarawa rijiyoyi, wannan juji ne kawai aka canza masa suna. Shi ya sa dokar ta ce duk wanda zai zuba tan 12,400 ko sama da haka a ƙasa, in ba aikin titi ba, sai ya nuna ba zai gurɓata ruwa da iska ba. Ni dai ban gamsu da wannan layin ba, dan ƙaramin ciko kusa da rijiya ya fi babba a busasshen wuri haɗari, kamata ya yi nisan ruwa da irin ƙasar wurin su zama ma'auni kafin yawan tan.

Indiya ita tilas ta yi. Tun 1999 ta fitar da umarnin a dinga sa toka a bulo da gine-ginen da ke kusa da tashoshin kwal, a ƙarshen 2021 kuma ta ce dole tashoshi su morar da tokarsu ɗari bisa ɗari, wanda ya gaza ya biya rupi 1,000 kan kowane tan. Abin ya ɗaga yawan tokar da ake amfani da ita sosai, sai dai a lissafin har da wadda ake cike tsoffin ramukan ma'adinai da kwaruruka da ita, ka ga an dawo kan tambayar ɗazu kenan. In aka ce wa kamfani cika adadi ko ka biya tara, hanya mafi sauƙi zai bi.

Akwai kuma matsalar abin da ba a san a nema ba. A yankin Rastatt na Jamus an gauraya taɓon kamfanonin takarda da takin gargajiya aka watsa a gonaki, sai a 2013 aka gano sinadaran PFAS, waɗanda ba sa ruɓewa, a ruwan sha, gonaki sama da hekta 1,000 abin ya shafa. Gwaji abin da aka tambaye shi kawai yake amsawa, in sunan sinadari ba ya cikin jerin da doka ta lissafa to sakamako zai fito fes alhali guba na ciki. Dan haka mai masana'anta, wanda shi ya san me ya zuba a tukunyarsa, shi ya kamata doka ta ɗora wa nauyin bayyana komai da biyan kuɗin gwaji, kuma alhakin kar ya sauka daga wuyansa dan kawai mota ta fita daga get.

Jifsom ɗin fosfet shi ne har yanzu ake kai ruwa rana a kansa. Tun 1989 EPA ta ce a tara shi tsibi-tsibi sabida radiyom ɗin da ke ciki, yanzu a Florida kaɗai akwai kusan tan biliyan 1 a jibge kamar duwatsu, da tafkunan ruwan asid a samansu. A 2021 ɗaya daga ciki a Piney Point ya fara yoyo, dan kar ya fashe aka saki galan sama da miliyan 200 na gurɓataccen ruwa a mashigin Tampa. A 2020 an ba da izinin sa jifsom ɗin a aikin titi, a 2021 aka janye, a ƙarshen 2024 kuma aka amince wa kamfanin takin zamani na Mosaic ya gwada a ɗan guntun titi cikin filinsa. Masu adawa suna tuna Grand Junction, kuma ba za ka ga laifinsu ba, dan titi ba ya dawwama, wata rana za a fasa shi a kwashe ɓaraguzan, wani ya yi ciko da su ya ɗora gida. In dai za a yi to a rubuta a rijista wane titi, daga ina zuwa ina, tan nawa, a ajiye inda ɗan kwangilar da zai zo bayan shekara 40 zai gani kafin ya kafa diga.

Ita toka kuwa yanzu labarinta ya juya. Tashoshin kwal suna rufewa a Turai da Amurka, Birtaniya ta kashe ta ƙarshe a 2024, masu siminti kuma suna neman toka ido rufe dan su rage hayaƙinsu, tunda siminti kaɗai yana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya. Har an fara komawa tsoffin kududdufai ana tono tokar da aka binne, a busar da ita a tace a sayar wa masu kankare. Inda aka zuba toka ita kaɗai tonon yana da sauƙi, inda aka cakuɗa ta da wasu tarkace kuwa sai an sha wahalar tacewa, wani wurin ma ba ya biyan kuɗin aikin. Dokokin juji da ake rubutawa yau ya kamata su tilasta a dinga ware kowace ragowa a nata ramin da takardar abin da ke ciki, musamman jan taɓo da har yanzu ɗan kaɗan ƙwarai ake iya morarsa.