Ba manyan bama-bamai kaɗai suka cinye Landan ba

Mutane da yawa in an ce musu Jamus ta yi wa Landan ruwan bama-bamai a yaƙin duniya na biyu, abin da ke zuwa musu a rai shi ne ƙatuwar bam ta faɗo gini ya ruguje, shi ke nan. Wallahi ba haka kawai abin yake ba, wuta ce ta fi yin ɓarna a wasu darare, kuma abin da ke tayar da ita ɗan ƙaramin bam ne mai nauyin kilo ɗaya, da magnesiyam aka yi jikinsa, jirgi ɗaya zai zubo ɗaruruwa su huda rufi su kama ci da wuta.

Daren 29 ga Disamba 1940 ne ya tona asirin. Ranar Lahadi ce, ofisoshi da sito-sito a kulle ba kowa, ga ruwan kogin Tems ya ja baya, ga bututun ruwa sun fashe, wuta ta yi ta cin unguwar kasuwanci da ke tsakiyar birnin. Cocin St Paul ya tsira ne saboda 'yan sa kai da ke kwana a saman rufinsa suna kashe wutar tun tana ƙarama.

Daga nan a farkon 1941 gwamnati ta wajabta gadin wuta. Kayan aikin ma ba wani abu ba ne, bokitin yashi, shebur mai dogon hannu da ɗan famfon hannu. Kuma ba a kwara wa bam ɗin ruwa gaba ɗaya, sai ya fantsama, feshi ake yi a hankali ko a binne shi da yashi.